Ta Gidanmu Ce

Sa'adu malamin dabbobi ne, kuma duk ma'aikatarsu an shaida babu mai hannu irin nasa. Ɗan maraƙin da ya gagari ƙarti, shi zai matso cikin ruwan sanyi, ya yi masa wani ɗan ƙyas-ƙyas da harshe irin na makiyaya, ya rungumo shi, ya tsira masa allura tun bai farga ba. To amma wannan gwani, tun da matarsa Safara'u ta haihu, babu mahalukin da ya taɓa ganin ya ɗauki jaririyar. Ko sunanta bai taɓa fita daga bakinsa ba.

Ba ƙi ba ne, kunya ce. Sa'adu Bafulatani ne, a wata ruga bayan Mangu ya tashi kafin boko ta kawo shi Jos, kuma a gidansu ba a nuna ɗan fari. Ba ka ɗaukarsa a gaban mutane, ba ka kiran sunansa, in an tambaye ka lafiyarsa sai ka yi kamar da wani ake. Shi kansa ɗan fari ne. Har ya yi gemu bai taɓa jin mahaifiyarsa, Inna Mairama, ta ce "Sa'adu" ba, "wancan" take cewa. Sai dai kullum ƙwaryar wancan ce ta fi man shanu, don haka bai taɓa ɗaukar abin da zafi ba. Ga shi kuma sunan Innar aka sa wa jaririyar, ana kiranta Ummi. Kunya ta zama biyu, ta 'yar fari da ta sunan uwa.

Safara'u kuwa 'yar gari ce, a Jos Jarawa aka haife ta, 'yar tela, kuma nas ce a wani asibiti mai zaman kansa can wajen Rayfield. Ita abin dariya yake ba ta. In tana so ta ga ya rasa inda zai sa kansa, sai ta jira maƙwabta sun cika tsakar gidan hayarsu na Tudun Wada, ta ɗaga murya ta ce, "Baban Ummi, ga ruwan wanka!" Sai ka ga mutum ya shige ɗaki kamar an biyo shi. Abin da bai sani ba, ta sha leƙowa daga wajen shanya ta gan shi ya sunkuya kan gadon yarinyar, hannuwansa a baya don kada ma su yi kuskuren ɗauka, yana yi mata wannan ƙyas-ƙyas na maruƙa, ita kuwa tana ta wutsil-wutsil da ƙafafu. Safara'u ba ta taɓa nuna ta gani ba.

Hutun haihuwa wata uku ne, kuma ya ƙare kamar jiya aka fara. Likitan da ke da asibitin mutumin kirki ne, amma ya gaya wa Safara'u gaskiya: zai bar ta ta riƙa tashi da wuri saboda shayarwa, kamar yadda ake yi wa masu jego a aikin gwamnati, amma in ba ta dawo ba dole ya ɗauki wata. Safara'u ta sha wuya kafin ta samu takardar nas ɗin nan. Mahaifiyarta ta rasu, yayarta tana Bukuru da nata tarin yaran, 'yar aiki kuwa ta ce ba da ita ba, don ta ga irin jariran da ake kawo musu asibiti daga hannun 'yan aikin da su ma reno suke bukata. Ko dai a samu inda za a ajiye Ummi da rana, ko aiki ya tafi.

Cletus ne ya kawo mafita, direban motar sashen dabbobi, wanda shi da Sa'adu suka ci ƙurar ƙauyuka tare har suka zama aminai. A shekarar an kawo musu sabuwar darakta, Hajiya Maijidda, wadda ta gaji da ganin mata suna ɓoye jarirai a ƙarƙashin tebur, ko a nemi mai buga takarda a ce ta ɗan zaga gida. Ta sa aka kwashe tsofaffin tafireta daga wani sito, aka yi masa fenti, aka shimfiɗa tabarmi da katifu, aka ɗauko wata tsohuwar nas mai ritaya, Madam Theodora, da mataimakiyarta Firisila. Doka ɗaya ce: 'ya'yan ma'aikata kaɗai.

"Oga, ba a ce mata kaɗai ba fa," in ji Cletus. "Ma'aikata aka ce. Kai ba ma'aikaci ba ne?"

Babu wanda ya hana maza, don babu wanda ya zaci namiji zai zo. Sa'adu ya kai maganar gida da niyyar a yi dariya, sai ya ga Safara'u ta tashi ta fara haɗa jakar yarinya.

Ranar farko tare suka shiga tasi. Safara'u ta naɗe Ummi cikin rigar sanyi da hular ulu da ta tsinto a gwanjon kasuwar Katako, don sanyin daminar Jos ba ya raga wa jariri. Ita ta shiga ɗakin renon, ta miƙa yarinya da kwalbar nonon da ta tatsa, ta faɗi suna, ta fito da sauri don kada ta makara. Sa'adu yana can gindin wata bishiya, yana duba sararin sama kamar an ba shi aikin hasashen ruwa. Sai Madam Theodora ta leƙo, mace mai jiki da tabarau a kan hanci, ta ƙwala masa kira da irin Hausarta ta mutanen Jos.

"Oga! Kai ne ma'aikaci, ko? Yarinya nan na wa ne?"

Mata sun cika barandar, kowa da goyo, duk suka juyo. Sa'adu ya ji gumi a bayansa duk da sanyin nan. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ta gidanmu ce."

"Na gidanku."

"E."

"Yaya sunan shi?"

"Ai uwar ta faɗa miki, Madam."

Da a rugarsu ya faɗi haka, ko yaro ya san ya gama cewa 'yarsa ce, har ma ya yi rashin kunya kaɗan. Amma Madam Theodora ba a ruga ta tashi ba. A wurinsu uba shi ke fara ɗaga ɗansa sama yana nuna wa duniya. Abin da ta fahimta shi ne 'yar wata 'yar'uwa ce aka lallaɓo da ita. Ta dube shi ta saman tabarau, ta ga akwai sauran wuri a kan katifa, ta koma ciki.

Daga nan rayuwa ta yi musu daɗi, ba kaɗan ba. Da safe su fita tare, Safara'u ta miƙa yarinya ta wuce Rayfield. Da la'asar ta tashi da wuri ta biyo ta ɗauke ta, su tarar da Sa'adu a bakin ƙofar ma'aikata yana jira, wai kamar haɗuwa ce kawai aka yi. Su sayi gasasshiyar masara a hanya, wata rana da dankalin Turawa na miya, su isa gida kafin magariba. Safara'u ta murmure, ta dawo da surutunta na labarin marasa lafiya. Ummi ta yi kumatu. Sa'adu kuwa ya gano wani abin da bai gaya wa kowa ba: tagar ɗakin renon tana kallon hanyar da ke zuwa wajen ajiye magungunan dabbobi. Mutumin da a da sai an yi da gaske yake zuwa wajen, yanzu ya zama kullum akwai abin da ya manta a can. Zai zo daidai tagar, ya durƙusa kamar yana gyara takalmi, ya yi ɗan ƙyas-ƙyas ɗinsa, ya ji ƙaramar dariya daga ciki, ya miƙe ya wuce yana jin kamar an ƙara masa girma a aiki.

Ko Cletus in ya ce, "Oga, yaya bebi?" sai Sa'adu ya ce, "Mutanen gida suna lafiya," ya sako zancen tayar mota. Duk wannan a kan idon Madam Theodora. Ta ga mutum bai taɓa taka ƙofar ɗakin ba, bai taɓa taɓa yarinyar ba, in an fito da ita sai ya kau da kai. Ta ƙara tabbata da abin da ta zata.

Abu mai kyau ba ya ɓuya a Jos. Kafin damina ta yi nisa ɗakin ya cika maƙil. Wannan ta kawo ɗan maƙwabciya, waccan ta kawo jikan mai gidan haya, kowa ya rantse nasa ne. Sai ga ma'aikatan gaskiya sun dawo daga hutun haihuwa babu inda za su kwantar da nasu. Hajiya Maijidda ta ce ba za ta saɓu ba, zuwa ƙarshen mako duk yaron da ba na ma'aikaci ba a sallame shi.

Ran nan da yamma Safara'u ta fito da yarinya a baya, ko kallon Sa'adu ba ta yi ba. Ba a sayi masara ba. Sai da suka shiga ɗaki ta sauke goyo, sannan ta juyo.

"Malam, me ka gaya wa Madam Theodora ranar da muka fara kai yarinyar nan?"

"Me na ce kuwa? Na ce ta gidanmu ce."

"Ta gidanku. To, ta ce daga Litinin kada in sake kawo ta. Na ce mata 'yarka ce, ta ce mai ita da bakinsa ya ce ba tasa ba ce. Na ce zan kawo takardar haihuwa, ta ce ta ga takardu iri-iri a makon nan, har da wadda tawadarta ba ta bushe ba. Ta ce in taka ce, ka zo da ƙafarka."

"Haba, wannan ai kowa ya san..."

"Wa ya sani? Ni na sani, Inna ta sani. Matar nan ina za ta sani?" Ta zauna a bakin gado. "Ban taɓa hana ka kunyarka ba, Malam. Dariya ma take ba ni. Amma yau ba ta ba ni dariya ba. In aka sallami Ummi, ni aka sallama daga aiki. Ranar Juma'a ba zan biya ta can ba, gida zan wuto. In ka ɗauko ta, to. In ba ka ɗauko ta ba, sai ta kwana wajen Madam."

Sa'adu ya tashi ya fita tsakar gida. Ransa ya ɓaci, kuma ya san ba da ita yake fushi ba.

Washegari ya gwada dabara. Ya tura Cletus ya je ya yi masa shaida. Cletus ya tafi da ƙarfin gwiwa, ya dawo yana sosa ƙeya.

"Oga, Madam ya ce wai ni ne na haife shi? Ya ce in ba ni ba ne, in koma wajen mota."

Ranar Juma'a tun safe ake yayyafi. Sa'adu ya je masallaci ya dawo, ya zauna a ofis yana juya takarda ɗaya har lokacin tashi ya yi. Ya yi tunanin Inna, da yadda za ta ji in aka ce ɗanta ya tsaya gaban taron mata yana kiran 'yar fari. Ya yi tunanin Safara'u da farar rigarta da take gogewa kowace safiya tana 'yar waƙa. Ya tashi ya sa rigar ruwansa.

Ruwa ya tsare kowa a barandar ɗakin renon. Mata da goyo, masinjoji, masu shara, har da wasu manya da ke jiran direbobinsu. Sa'adu ya ratsa su yana jin kowane ido a wuyansa, ya cire takalmi, ya taka ƙofar da bai taɓa takawa ba. Ɗakin yana ƙamshin hoda da koko. Ummi tana kwance rub da ciki a kan katifa, ta ba ƙofa baya, tana fama da wata 'yar roba.

"A'a, oga na gidanmu," in ji Madam Theodora. "Ka zo?"

"Na zo ɗaukarta, Madam."

"Ɗaukan wa? Ni ba na ba da yaro ga mutum da ban sani ba." Ta gyara tabarau. Ita tana da hanyarta da ta fi yarda da ita fiye da kowace takarda, kuma da ita ta tace yaran duk makon. "Takarda yana ƙarya, yaro ba ya ƙarya. In naka ne, tsaya nan, kira shi. Zai juya."

Sa'adu ya dubi bayan yarinyar. Sannan da wata murya da shi kansa bai gane ta ba, ya ce, "Ummi."

Yarinya ko gezau. Ta ci gaba da cizon robarta.

Ya ƙara ɗaga murya. "Ummi!"

Ba ta juyo ba. Ina za ta juyo? Ta san sunan a bakin uwarta, ta san shi a bakin Firisila, har a bakin mai masara ta san shi, amma ba ta taɓa jin sa da wannan murya ba. Mata a baranda suka yi dariya ƙasa-ƙasa, wata ta yi tsaki, wata ta ce, "Ai dama." Sa'adu ya ji abin ya soke shi har ƙasan zuciya. Ya zubar da kunyar da ya riƙe tun tasowarsa, a gaban jama'a, kuma 'yarsa ba ta san shi da ita ba. Wannan ya fi dariyar matan ciwo.

Madam Theodora ta buɗe baki za ta yanke hukunci. Shi kuwa bai ma san lokacin da ya durƙusa ba, kamar yadda ya saba yi a gindin taga. Harshensa ya yi abin da ya saba: ƙyas-ƙyas, ƙyas-ƙyas.

Robar ta faɗi. Ummi ta ɗago kai, ta yi ta kiciniya har ta mirgino, ta gan shi. Ta ƙyalƙyale da dariya, ta miƙo hannuwa biyu tana harba ƙafafu kamar za ta tashi sama.

"Yesu!" in ji Firisila, ta dafe ƙirji. "Madam, shi ne! Shi ne mai yin abin nan a taga! Kullum in ya yi ya tafi, yarinya nan sai ya yi ta kuka, ni ina cewa tsuntsu ne!"

Baranda ta kwashe da dariya, amma ba irin ta ɗazu ba. Sa'adu bai ji su ba. Maganar Firisila ce ta tsaya masa: ashe duk ranar da ya wuce yana jin daɗi, kuka yake bari a bayansa. Ya miƙa hannuwan nan da suka saba da maruƙa, ya ɗauke ta. Ba ta da nauyi ko kaɗan, ga ɗumi. Ta cafki gemunsa ta riƙe.

Madam Theodora ba ta gama ba. Ta harɗe hannu ta ce, "Oga, ban ji da kunnena ba har yanzu. Yarinya nan na wa ne?"

"'Yata ce, Madam."

"To! Shi ne ka wahalar da mu? Kawo shi Litinin. Kuma in ka zo taga, ka shigo ta ƙofa kamar mutum." Ta rataya masa jakar yarinyar a kafaɗa, ta juya tana gunaguni a kan maza da halinsu.

Cletus ne ya kai su gida a motar ofis, yana tuƙi yana murmushi, bai ce uffan ba, wanda a wajen Cletus ba ƙaramin ƙoƙari ba ne. Sa'adu ya sa Ummi cikin rigar ruwansa, kanta kaɗai ya leƙo ta wajen wuya. Haka ya sauka a bakin layinsu, ya ratsa masu shago da 'yan acaɓa da suka fake wa ruwa, ya shiga tsakar gida a gaban maƙwabta duka. Ya ga abin bai kashe shi ba.

Ya ɗaga labulen ɗakinsu da sallama, sai ya daskare. Ga ƙwaryar nono da ƙullin man shanu a ƙasa. Ga Inna Mairama zaune a kan tabarma, ta zo daga ruga ba tare da aike ba, kamar yadda ta saba. Safara'u tana gefenta, idanunta sun yi ja don zaman jira, ta dubi mijinta, ta dubi ɗan kan da ya leƙo daga rigarsa, ta sa hannu ta rufe baki.

Inna ta ga abin da ta gani. Ta ja mayafinta, ta juyar da fuska wajen bango. Sa'adu ya tsaya a bakin ƙofa, ruwa yana ɗiga daga rigarsa. Da jiya ne, da tuni ya miƙa yarinyar ya fice. Ya durƙusa ya gaishe da mahaifiyarsa, Ummi tana ƙirjinsa, bai sauke ta ba.

Inna ta amsa gaisuwar a gajarce, fuskarta na bango. Can ta ɗan karkato wajen surukarta, ba ta dubi ɗanta ba.

"Safara'u."

"Na'am, Inna."

"Ki ce wa wancan ya ja mata hular nan ta rufe kunne. In zai riƙa yawo da ita cikin sanyin garin nan, ya koyi riƙo."

Safara'u ta juyo, hawaye da dariya sun haɗe mata. "Baban Ummi, ka ji abin da Inna ta ce."

"Na ji," in ji Sa'adu. Ya sa yatsa ya ja hular a hankali har ta rufe kunnen.